Ƙamus a Ƙarƙashin Ƙyalle

Ranar Lahadi da hantsi Umma ta bi falo tana kwashe ƙyallayen da take rufe kaya da su, za ta kai wanki. Ta ɗaga na kan talabijin, ta ɗaga na kan tebur. Da ta zo kan ƙaramin nan mai zanen fure, wanda ke rufe da akwatin sautin maigidanta, sai ta tarar da ƙamus. Tsohon ƙamus ne mai baƙin bango, an kwantar da shi daidai inda akwatin yake zama, an ja ƙyallen an daidaita masa gefe. Akwatin kuwa babu shi ko sama ko ƙasa.

Kafin azahar 'yarsu ta fari ta iso. Insifeta ce ta 'yan sanda, shekararta goma sha ɗaya a sashen bincike. Ta tarar da Baba tsaye a tsakiyar falo, hannuwa a baya, fuskar nan a murtuke.

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana injiniyan sauti a gidan rediyo, har abokan aikinsa suka manta sunansa, Kunne kawai suke ce masa. Da ya yi ritaya, autan gidan da ke aiki a ƙasar waje ya haɗa masa kayan jin waƙa ta intanet. Akwai wata na'ura mai faɗi da ke jawo waƙoƙin, ta miƙa wa amfilifaya, ita kuma ta tura wa manyan lasifika biyu. Baba ya saurara kwana biyu, ya ce sautin kamar shayin da aka ƙara wa ruwa. Shi ne autan ya aiko da ƙaramin akwatin, wanda ke zama tsakanin na'urar da amfilifaya yana tace sautin. Tun daga nan duk Asabar abokai suke taruwa a falon, Baba ya rufe ido, ya ɗaga yatsa, ya riƙa nuna musu abin da ba su ji ba. Wanda ya yi tari a tsakiyar waƙa ya shiga uku.

"Yaushe rabonka da shi, Baba?" Insifeta ta tambaya.

"Jiya. Har ƙarfe huɗu muna ji da shi."

"Ka gan shi da idonka?"

Ya kalle ta kamar ta zage shi. "Uwata, ni sai na gani? Da an taɓa akwatin nan, kafin mawaƙi ya rufe baki na sani."

Wannan ya yanke lokacin satar: tsakanin ƙarfe huɗu na Asabar da hantsin Lahadi. A tsakanin nan mutum ɗaya ne baƙo ya shiga falon, mai gyaran rediyon da ya haɗa kayan tun farko. Ya zo abokai suna shirin tashi, Baba ya raka su ya wuce masallaci, ya bar shi shi kaɗai kusan minti ashirin.

Insifeta ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta san bai dace ta riƙe ƙarar gidansu ba, amma ta ga yadda ran Baba ya ɓaci, sai ta kira kofur. Suka je layin masu gyara, suka fito da mutumin daga shagonsa a gaban maƙwabta, ƙarfen darmarsa ma bai huce ba. Bai yi gardama ba. Ya dai roƙi a bar shi ya rufe ƙofa. Ya kwana a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, aka shirya kai shi kotu ranar Talata.

Litinin da safe ta sa aka kawo shi ɗakin tambaya. Magidanci ne siriri, yatsunsa duk tabon ƙuna.

"Ina akwatin?"

"Ban ɗauka ba, ranki ya daɗe."

"Kai kaɗai aka bari a falon."

"Haka ne."

"Me ka je yi?"

"Waya na ja. Baba ya ce waƙa tana yanke masa. Intanet ɗin ta iska yake zuwa wa na'urar, ga bango biyu a tsakani. Na ce a ja waya kai tsaye, sautin zai tsaya da ƙafarsa."

"Ka taɓa akwatin?"

Ya saci kallon kofur, ya mayar da ido ƙasa. Ta fahimta, ta ce wa kofur ya je ya nemo mata ruwa.

"Ranki ya daɗe," ya ce a hankali, "tun kafin Baba ya fita, da na ja kabad ɗin don in soka wayata, na ga akwatin ba ya cikin aiki. Wayoyi biyun da ke fita daga cikinsa zuwa amfilifaya, an zare su an soka kai tsaye a bayan na'urar. Wadda ke shiga cikinsa kuma tana reto. Ban ɗaga ƙyallen Hajiya ba. Na ɗauka Baba ne ya cire da kansa."

"Ka tambaye shi?"

"Na ce, Baba, yaya akwatin? Ya ce yanzun nan suka gama ji, har numfashin mai sarewa yana fito da shi. Abokansa suna tsaye."

"Sai ka yi shiru."

"To me zan ce?"

"Jiya fa, da muka zo shagonka?"

"A gaban mutanen layi? In ce Kunne bai ji ba?" Ya girgiza kai. "Tun ina koyon aiki maigidana yake ba mu labarinsa. Na ce idan na samu ke kaɗai zan faɗa."

Ranta ya ɓaci, irin ɓacin ran da ke zuwa idan mutum yana tsoron gaskiya aka faɗa masa. Ta buga tebur, ta ce ya san abin da yake faɗa kuwa? Ya ce ba sai ta yarda da shi ba. Ya ce ta buɗe manhajar na'urar a kwamfutar hannun Baba, ta shiga inda aka jera kayan da ke haɗe, za ta ga ranar da akwatin ya daina amsawa.

"Da wani abu kuma," ya ce. "Wayoyin biyu baƙaƙe ne, shi ya sa na manna musu salatif, na rubuta dama da hagu. Ramukansu suna baya, jikin bango, ba a ganinsu sai an lalubo. Idan kina fuskantar na'urar, ta dama hannun damanki take bi. Wanda ya soka su ya juya. Ta dama tana hagu, ta hagu tana dama. Ni ko a mafarki ba zan yi haka ba."

Ta mayar da shi bayan kanta, don ba ta da abin da za ta rubuta tukuna. Ba ta iya haɗa ido da shi ba lokacin da ake rufe ƙofar.

Da ta koma gida, ta samu Baba ya tafi aski. Ta ɗauki kwamfutar hannun ta bi inda aka ce mata. Rubutun yana nan ɓaro-ɓaro: akwatin ya daina amsawa ranar wata Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, mako uku da suka wuce. Ta ce wa kanta inji yana iya ƙarya. Ta je kantar littattafai ta nemo gurbin da aka zaro ƙamus. Ƙura ta kwanta a gurbin, ta ja yatsa ya bar layi, har gizo-gizo ya samu lokacin ƙulla zare tsakanin littattafan da ke gefe. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne.

Ta zauna a kujerar Baba ta kunna waƙar da ya fi so. Tun tana ƙarama yake ɗora ta a cinya da wannan waƙar, yana kama kunnenta ɗaya bayan ɗaya yana cewa ganga hagu, sarewa dama. Yau ganga ta taso daga dama. Ita da ba ta san komai a harkar sauti ba, cikin daƙiƙa biyar ta ji. Ta lissafa da yatsu. Asabar uku Baba ya zauna a nan ya rufe ido ya ɗaga yatsa, yana yabon ƙamus. Kunya ta rufe ta, tasa da tata, ba ta san wadda ta fi nauyi ba. Ta tuna Alhamis ɗin nan ce Baba ya je wajen fansho, ta kashe waƙar ta shiga kicin.

"Umma, Alhamis ɗin da Baba ya je tantance 'yan fansho, wa ya shiga falo?"

Umma ta ajiye wuƙa ta yi tunani. Ƙanenta, wanda yaran ke ce wa Kawu, ya zo cajin wayarsa don an ɗauke wuta a shagonsa. Likita, abokin Baba, shi ma ya zo bai same shi ba, ta kai masa shayi, ya jira ya gaji ya tafi. Wa ya riga wa? Ba za ta iya rantsewa ba, tana fama da tukunya.

"Me ya kawo maganar mako uku? Ba shekaranjiya aka yi satar ba?"

"Tambaya ce kawai, Umma."

Umma ta dube ta da kyau, ta koma kan albasarta. Ta ce, kamar da tukunya take magana, "Tun bara sai na kira babanki sau biyu kafin ya amsa."

Bayan azahar, da Baba ya shiga ɗaki ya kwanta, Insifeta ta zare wayoyin biyu ta ajiye su a kan kabad. Ta fara kiran Kawu. Tsofaffin wayoyin hannu da ƙananan lasifika yake sayarwa, kuma ba a taɓa yi masa shaidar riƙon amana ba. Ya shigo yana huci.

"Ni dai na sani, ko cokali ya ɓata a gidan nan, sunana ake fara kira."

"Ba zarginka nake ba, Kawu."

"To littafin da ke hannunki na mene ne? Waƙa za ki rubuta mini?"

"Ranar da ka zo caji, a ina ka zauna?"

"Can bakin ƙofa, inda soket yake. Tun da na zubar masa da shayi a kan rimot, babanki ya hana ni wuce tabarmar nan. Kuma ki ji, da sata zan yi, wannan kwamfutar zan ɗauka, ita ce ke da kasuwa. Wa zan sayar wa akwatin da ba ya magana, ba ya hoto?"

"Taimaka ka mayar mini da wayoyin nan, hannuna ba ya kaiwa."

Ya karanta salatif ɗin, ya zura hannu ta sama ya laluba, ya soka ta dama a damansa, ta hagu a hagunsa. Ya karkaɗe hannu ya ce ko akwai firiji da za a ɗaga. Ta yi masa godiya ta sallame shi, ta sake zare wayoyin.

Likita ya iso bayan rabin awa, da tsohuwar jakarsa ta fata. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya, abokin Baba tun kafin a haife ta. Shi ya cire mata haƙorin farko da ya ruɓe. Yau bai tsokane ta ba kamar yadda ya saba. Ya zauna a bakin kujera, jakar a kan gwiwa, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Baba Likita, ranar fanshon nan ka daɗe a falo?"

"Kaɗan. Shayi kawai na sha."

"Ka ga Kawu?"

"Yana fita ina shiga."

"Ka taɓa kayan?"

"Ni? Me na sani a kansu?"

"Shi ke nan. Don Allah mayar mini da wayoyin nan kafin Baba ya tashi ya ga an taɓa masa kaya. An rubuta a jiki."

Ya ajiye jakar da ƙyar. Ya sa tabarau, ya karanta, ya tsaya a gaban na'urar. Ya ɗauki wadda aka rubuta dama, ya kai ta ramin da ke hagunsa ba tare da ya tsaya tunani ba. Ya soka ɗayar a dama. Sai da ya juyo ya ga yadda take kallonsa.

"Lokacin da ka cire mini haƙori," ta ce, "ka ce na dama ne, amma hagunka ka nuna. Na yi ta gardama har ka yi dariya, ka ce a wurin likita dama ta wanda ke gabansa ce. Shekara arba'in kana fuskantar mutane a haka. Ka fuskanci na'urar nan kamar marar lafiya. Mai gyara ba ya juya waya, Kawu ma bai juya ba. Na'urar ta rubuta ranar da aka cire akwatin, ranar da ka sha shayi ce, bayan Kawu ya fita, da bakinka ka faɗa. Kuma ɓarawon da ke son sayarwa ba ya tsayawa ya mayar da waƙa ta ci gaba. Wanda ya yi wannan so yake a ci gaba da ji."

Likita ya zauna. Ya buɗe jakar, ya fito da akwatin a naɗe cikin tawul, ya ajiye a kan tebur.

"Wasa na so in yi," ya ce. "Wata shida muna gardama. Na ce babu kunnen da zai bambance akwatin nan. Ya ce ƙarar injin haƙori ta kashe mini kunne, kowa ya yi dariya. Na ce bari in kama shi Asabar ɗaya, mu ma mu dara."

"Ka kama shi."

"Na kama shi." Ya cire tabarau ya goge ido. "Ya rufe ido yana yabo, ina ta danne dariya. Sai na lura yana juyo da kunne ɗaya wajen lasifika, yana ƙara murya, yana ƙarawa. Na yi masa magana daga gefe bai juyo ba. Nan dariyar ta mutu. In na fito da akwatin a gaban mutane, me na yi masa? Kullum ina zuwa da shi a jaka in mayar a ɓoye, ba a taɓa bari na ni kaɗai ba."

"Jiya ka ji an kama mutum."

"Na ji."

"Yana da mata da 'ya'ya uku. Ya kwana a siminti."

"Jiya na ce yau zan zo, yau na ce gobe. Ba ni da abin faɗa, 'yata."

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta tuna wanda ya kira kofur. Shi ya yi shiru, ita ta sa hannu a takarda. Shekara goma sha ɗaya tana koya wa ƙananan ma'aikata kada su karɓi lokaci daga bakin mai ƙara sai sun tabbatar, ga shi ta karɓa don kawai babanta ne ya faɗa. Ta rufe bakinta.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma Likita ya kawo ta. A ce an tsinci akwatin a bayan kabad, a saki mutumin, kowa ya huta. Ta yi ta juya maganar, don ta so ta. Amma mutanen layin masu gyara sun ga an tafi da shi, kuma za su ce da ya ji wuta ne ya aiko aka mayar. Babu mai sake ba shi mabuɗin falonsa. Ba za a wanke shi ba sai an faɗi ranar, kuma ranar ba ta faɗuwa sai da kunnen Baba.

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Baba ya fito yana gyara hula, ya ga akwatin a tebur, fuskarsa ta washe.

"Mai gyaran ya amsa laifinsa ko? Na gaya muku."

Ta matsa kusa da shi, ta nuna masa ranar a kwamfutar, ta kai shi ga gurbin ƙamus, ta faɗa masa wanda ya ɗauka da dalilinsa. Ba ta rage komai ba, har juyewar wayoyin. Likita ya durƙusa a gaban kujera, tsoho da shi, yana neman gafara. Baba bai kalle shi ba. Lasifikan yake kallo, ɗaya bayan ɗaya.

"Asabar nawa?"

"Uku, Baba."

"Ganga tana dama?"

"Tana dama."

Ya juyo ya dube ta. Sai ya ce, "Yaron nan ya gani tun Asabar?"

"Ya gani. Ya ƙi faɗa a gaban mutane, don kada ka ji kunya."

Baba ya dafa kujera. Ta ɗauka zama zai yi, amma takalminsa ya jawo da ƙafa. Ya ce ta ɗauko mota, Likita ma ya tashi ya biyo su da jakarsa.

A ofishin ta ce ya jira a ɗakinta, za ta kawo mutumin su gana a ɓoye. Ya ƙi. Ya tsaya a bakin kanta, inda masu ƙara ke zaune a benci, ga saje, ga kofur, ga matar mai gyaran da kwanon abinci a cinya, da mutum biyu daga layin da suka rako ta. Aka fito da shi ba takalmi. Insifeta ta karanta sakin da kanta, ta ce kuskuren nata ne. Sannan Baba ya cire hularsa.

"Bai ɗauki komai ba," ya ce wa duk wanda ke wurin. "Mako uku akwatin ba ya nan, ni ne ban sani ba. Na rantse da kunnena a kan mutum, kunnen kuwa ya riga ya tafi. Ɗana, ka yafe mini."

Mai gyaran ya sunkuyar da kai. Ya ce wani abu a hankali, Insifeta da ke gefe ta ji shi sarai, ba komai ya ce, abin ya wuce. Ta ga Baba ya juyo da kunne ɗaya, ta ga ya fara gyaɗa kai kamar ya ji, yadda ashe ya daɗe yana yi musu a gida. Sai ya tsayar da kan. Ya matsa taku ɗaya, a gaban kowa, ya sa tafin hannu a bayan kunnensa.

"Ɗaga murya, ɗana," ya ce. "Ba na ji."